Ranar da bututu ya fashe: sharhi a kan sashen biyan diyya na kamfanin inshorar gidana

Shekara shida na yi ina biyan kuɗin inshorar gida ga kamfani guda, kuma a tsawon wannan lokaci abin da ya haɗa ni da su bai wuce saƙon tunatarwa da suke aiko mini idan lokacin sabuntawa ya ƙarato ba, sai kuma rasit da ke biyo baya. Wanda yake cikin irin wannan hali ba shi da ta cewa game da kamfaninsa, domin karɓar kuɗi kowa ya iya. Ana sanin kamfanin inshora ne a ranar da aka je masa da ɓarna ana neman diyya, kuma tawa ranar ta zo ne lokacin da bututun ruwa ya fashe a cikin bangon gidana. Wannan sharhi ya taƙaita ga sashen da ke karɓar ƙorafin ɓarna da biyan diyya, tun daga kiran waya na farko har zuwa shigar kuɗi asusuna. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba. Hukuncina a taƙaice shi ne sun biya, kuma abin da suka biya daga ƙarshe bai saɓa wa yarjejeniyarmu ba, sai dai hanyar da aka bi kafin a kai ga hakan ta nuna mini cewa a wurinsu abin da aka rubuta shi ne abin da ya faru, kuma babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya ga ya dace ya faɗa mini haka tun da wuri.

Mun dawo daga tafiyar kwana huɗu ne da daddare, ina buɗe ƙofar falo na ji ƙafata ta nutse cikin kafet. Silin ya kumbura ya yi ciki kamar zai faɗo, fenti ya ɗago a bangon da ya raba falo da banɗaki, ruwa kuma ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shiga ɗakin kwana har ya jiƙa ƙafafun kabad ɗin tufafi. Na kashe wutar lantarki daga babban makunni, na rufe ruwan da ke shigowa gida, sannan na ɗauko tsintsiya da bokiti. Maiɗakina ce ta riƙe hannuna ta ce in dakata tukuna ta ɗauki hoto. Ta bi ɗaki ɗaki da wayarta tana ɗaukar bidiyo, ta ɗora ma'aunin tela a jikin bango domin a ga inda ruwan ya kai, ta ɗauki silin daga ƙasa da kuma daga gefe. Minti goman da ta ɓata a wannan aiki, wanda a lokacin na ɗauka ɓata lokaci ne, ya fi duk wata magana da na yi da kamfanin amfani.

Layin wayarsu na kai rahoton ɓarna yana aiki dare da rana, kuma a nan dole in yaba musu, domin ban daɗe ina jira ba aka ɗauka. Matar da ta amsa tana da ladabi da natsuwa, ta fara da jajanta mini kafin ta nemi lambar takardar inshorata. Da ta ce, "Malam, ka bayyana mini abin da ya faru," sai na amsa mata yadda kowane mai gida zai amsa, na ce, "Hajiya, bututu ne yake yoyo a cikin bango, ruwa ya cika gidan." Ta ce ta rubuta. Ta tambaye ni tsawon lokacin da gidan ya yi babu kowa, na ce kwana huɗu. Ta ba ni lambar fayil, ta ce wani jami'i zai tuntuɓe ni, muka yi sallama. Ban san cewa kalmar "yoyo" da ta fita daga bakina cikin gajiya da ruɗewa za ta zauna a fayil ɗin har wata biyu tana jirana ba. Magana zarar bunu ce, balle a layin da ake naɗar muryar mai kira.

Ga dalilin da ya sa kalmar take da nauyi. Inshorar gida, kusan a ko'ina, tana ɗaukar nauyin ɓarnar da ta auku farat ɗaya ba tare da an zata ba, amma ba ta ɗaukar nauyin abin da ya lalace sannu a hankali saboda tsufa ko rashin kulawa. Bututun da ya fashe a dare ɗaya yana cikin rukuni na farko, wanda kuwa ya yi watanni yana ɗiga yana jiƙa bango, mai gida yana gani yana ɗauke kai, yana cikin na biyu. A bakin mutane duka biyun ana iya ce musu yoyo, amma a takardar inshora tsakaninsu akwai tazarar da ke tsakanin a biya da a hana. Har ila yau, ruwan da ya fito daga bututun cikin gida daban yake da ambaliyar da ta shigo daga waje, wadda yarjejeniyoyi da yawa ba sa ɗaukar nauyinta sai an saya mata kariya ta musamman, don haka wanda ya kira ya ce "ambaliya ta cinye mini gida" alhali famfonsa ne ya ɓalle, ya jawo wa kansa bayanin da ba shi da iyaka. Asalin wannan sana'a ma daga wuta ta taso, domin bayan gobarar Landan ta 1666, wadda ta cinye gidaje sama da 13,000, aka fara kafa ofisoshin inshorar gobara, ciki har da wanda Nicholas Barbon ya buɗe a farkon shekarun 1680. Gobara ba ta buƙatar gardama, ko ta ci ko ba ta ci ba. Ruwa kuwa yana da fuskoki, shi ya sa sharuɗɗansa suka fi yawa kuma suka fi tsauri.

Tambayar da matar da ta amsa wayar ta yi mini game da kwanakin da gidan ya yi babu kowa ita ma ba ta hira ba ce. Yarjejeniyoyi da dama suna rage kariya ko su janye ta idan gida ya yi kwana 30 ko 60 a jere babu mai kwana a ciki, kuma tawa tana da irin wannan sharaɗi. Ban ga laifinta da ta tambaya ba, aikinta ke nan. Laifin da na gani shi ne abin da ba ta faɗa ba. Ba ta gaya mini cewa wajibi ne a kaina in ɗauki matakin hana ɓarnar ƙaruwa ba, ba ta ce in adana rasit na duk abin da zan kashe a kan hakan ba, ba ta gargaɗe ni kada in zubar da kayan da suka lalace ko in fara gyara na dindindin kafin mai kimanta asara ya zo ba. Duk waɗannan suna cikin takardar yarjejeniya, a shafin da ke bayanin abin da ya rataya a wuyan mai gida bayan ɓarna, kuma na same su ne da kaina da asuba ina karatu da fitilar waya. Kamfanin da ya san cewa mutum yana kiransa ne a tsaye cikin ruwa ya kamata a ce ya tanadi jimla uku da za a karanta wa kowane mai kira, ko a tura masa su a saƙo nan take.

Wannan wajibi na hana ɓarna ƙaruwa yana sa mai gida a tsaka mai wuya, domin idan ya zauna yana jiran kamfani ɓarnar ta yaɗu, za a ce sakacinsa ne, idan kuma ya yi azarɓaɓi ya gyara komai, za a ce ya shafe shaida. Funfuna tana iya fara tsirowa a kan abin da ya jiƙe cikin awa 24 zuwa 48, saboda haka jira ba shi da amfani. Abin da na yi shi ne na raba aikin gida biyu: tsayar da ruwa da busar da gida na yi su washegari, gyaran bango da silin kuwa na bar su yadda suke. Na naɗe kafet na fitar da shi waje ban yar ba, na ɗauko hayar fankoki, na karɓi rasit a kan kowane abu komai ƙanƙantarsa. Mai gyaran famfo ya fasa bango daidai inda danshi ya fi yawa, ya yanko guntun bututun da bai fi tsawon tafin hannu ba, ya nuna mini tsagar da ta bi mahaɗar, bakinta fari tas babu tsatsa babu gansakuka. Ya ɗaga hannu zai jefa shi cikin tarkace na ce ya ba ni. Na saka shi a leda na rubuta kwanan wata a jiki, sannan na roƙe shi ya rubuta mini abin da ya gani a takarda ya sa hannu. Ya yi dariya ya ce shi aikinsa gyara ne ba rubutu ba, amma ya rubuta layi huɗu.

A wannan rana ce na fara abin da ya zame mini al'ada har ƙarshen lamarin, wato duk lokacin da na yi magana da wani ma'aikacinsu ta waya, sai in bi bayan maganar da imel. Ina sa lambar fayil a kan saƙon, in rubuta ranar da lokacin da muka yi magana da sunan wanda na yi magana da shi, in taƙaita abin da ya ce da abin da na ce, in rufe da roƙon a gyara mini idan na fahimci wani abu ba daidai ba. A saƙon farko na rubuta cewa bututu ya fashe a mahaɗa a cikin kwana huɗun da ba ma nan, cewa kafin tafiyarmu bangon a bushe yake, kuma guntun bututun yana hannuna. Ba don na gane kuskuren da na yi a waya na rubuta haka ba, sa'a ce kawai ta sa na yi amfani da kalmar da mai gyaran famfo ya faɗa.

Manhajarsu ta waya ba ta da abin yabo sosai. Tana karɓar hotuna amma ba ta karɓar bidiyo mai tsawo, kuma wurin da ke nuna matsayin fayil ya tsaya a kan "ana dubawa" tun daga ranar farko har bayan an biya ni. Abin da ya fi damuna shi ne sauya jami'ai, domin mutum uku ne suka riƙe fayil ɗina ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a taɓa sanar da ni an yi canji ba sai dai in ga sabon suna a ƙasan saƙo. Na biyun ya nemi in sake aiko hotunan da na riga na aika, na ukun ya nemi jerin kayan da na riga na bai wa na biyu. Da a ce da baki kawai na yi ta bayani, da kowane sabon jami'i sai mun koma farko.

Jerin kayan da suka lalace shi ne aikin da ya fi cin rai. Suna son sunan kowane abu, da shekarar da aka saye shi, da abin da aka biya, da shaidar mallaka, kuma wa yake ajiye rasit ɗin kafet na shekara shida? Sun karɓi tsofaffin hotunan iyali da kayan suka fito a bayansu, sun karɓi bayanan banki, kuma a wannan ba su tsananta ba. A nan ne kuma masu ba da shawara suka yi yawa, kowa yana cewa in ƙara a kan ƙiyasin tunda ko yaya aka yi sai sun rage. Ban bi wannan shawara ba, kuma ba na bai wa kowa ita. A ƙasashe da dama, idan aka kama mutum da ƙara gishiri da gangan a neman diyya, kamfani yana da ikon hana shi duka, har da kason da yake na gaskiya. Inshora an gina ta ne a kan cikakkiyar amana tsakanin ɓangarori biyu, ƙa'idar da alƙalin Ingila Lord Mansfield ya fayyace a shari'ar Carter da Boehm a 1766, kuma ya nuna cewa tana hawa kan mai ba da inshora kamar yadda take hawa kan mai saye. Rabin farko na wannan ƙa'ida kamfanoni suna yawan tuna wa mutane shi. Rabi na biyu sai mai gida ya tuna musu.

Mai kimanta asara ya zo bayan mako guda, a ranar da aka yi alkawari kuma a kan lokaci. Dattijo ne marar yawan magana, ya zo da ma'auni da kyamara da wata 'yar na'ura mai allura biyu da ake gwada danshi da ita. Ya riƙa manna ta a bango taki bayan taki, yana kallon lambar da ta nuna yana rubutawa, ya fara daga inda aka fasa har ya kai kusurwar da ni a idona a bushe take, na'urar kuwa ta nuna akwai ruwa a ciki. Ya ɗaga kai ya ce, "Nan ma sai an kankare." Wannan ya ƙara mini a kan abin da na nema, kuma ya sa na yarda cewa mutumin ya san aikinsa. Duk da haka ban manta cewa kamfanin ne ya aiko shi kuma shi ne yake biyansa ba. Mai gida yana da damar ɗaukar nasa mai kimantawa da kuɗinsa, abin da ya dace idan asarar tana da girma ƙwarai, amma tawa ba ta kai in yi hakan ba. Abin da na yi shi ne na bi shi ƙafa da ƙafa, na nuna masa cikin kabad da bayan labule da ƙarƙashin matakala, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, na kuma miƙa masa kwafin ƙiyasin da magini da kafinta suka yi mini.

Kafin ya tafi ya tsaya a bakin banɗaki ya nuna wani tsohon tabo mai ruwan ƙasa a saman bango, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan fa?" Na gaya masa gaskiya cewa tabon ya kai shekara uku, daga tagar da aka taɓa mantawa a buɗe ruwan sama ya shigo, kuma ba shi da alaƙa da bututu. Ya ɗauki hotonsa bai ce komai ba. Na nemi ya ba ni kwafin rahotonsa, ya ce rahoton na kamfani ne, su zan tambaya.

Daga nan sai shiru ya biyo baya na mako uku. Duk ranar Litinin nakan aika gajeren saƙo ina tambayar matakin da ake ciki, da ko akwai wata takarda da ta rage a wajena, da ranar da zan sa ran jin hukunci. Tambaya ta biyu ita ce mafi muhimmanci, domin jinkiri da yawa ana jingina shi ne ga mai gida da cewa bai kammala kawo takardu ba, kuma idan aka amsa a rubuce cewa babu abin da ya rage, wannan ƙofa ta rufu. An amsa mini sau ɗaya cikin uku.

Wasiƙar tayin ta zo da adadi guda ɗaya tak, wanda bai kai rabin abin da na nema ba, kuma a manne da ita akwai fom da aka ce in sa hannu domin a saki kuɗin. A tsakiyar fom ɗin akwai jimlar da ke cewa na karɓi wannan adadi a matsayin cikakken biya na ƙarshe, kuma ba ni da sauran wata buƙata a kan wannan ɓarna. Wannan ne wurin da na fi ganin rashin kyautawa a duk hulɗarmu. Mutumin da ya yi fiye da wata yana kwana cikin warin danshi, ya kashe kuɗinsa a kan fankoki da mai gyara, idan aka miƙa masa kuɗi da alƙalami tare, da wuya ya tsaya karanta layi na tara. Ban sa hannu ba. Na rubuta musu cewa na ga tayin, ban karɓa ba kuma ban ƙi ba, ina neman a aiko mini da lissafin dalla-dalla, tare da lambar sakin layin yarjejeniya da aka dogara da shi a kan kowane ragi, da kuma kwafin rahoton mai kimantawa.

Da lissafin ya iso sai na ga cewa ragi huɗu aka yi, kuma uku daga ciki suna kan ƙa'ida. Na farko shi ne kason mai gida, wato adadin da aka amince tun farko cewa ni zan ɗauka a kowace ɓarna kafin kamfani ya ɗauki sauran. Na biyu shi ne ragin tsufa a kan kayan ɗaki, domin yarjejeniyata tana biyan darajar da kaya suke da ita a ranar ɓarna ne, ba kuɗin sayen sabo ba. Idan aka ɗauka kafet yana yin shekara 10 kuma ya ci 6, abin da ya rage na darajarsa kashi 40 cikin 100 ne, kuma shi za a biya. Akwai yarjejeniyar da ke maye tsoho da sabo, kuɗinta ya fi yawa, ni ne ban saye ta ba. Na uku shi ne kuɗin sauya bututun kansa, domin ana biyan ɓarnar da ruwa ya yi ne, ba gyaran abin da ruwan ya fito daga ciki ba. A gefen lissafin na ga sun gwada adadin da na yi wa ginin inshora da abin da zai ci a sake gina shi a yau. Wannan gwaji yana da haɗari ga duk wanda ya daɗe bai sabunta ƙiyasin gidansa ba, domin akwai sharaɗin da ke cewa idan gini zai ci 100 amma aka yi masa inshorar 70, to asarar 20 za a biya ta 14 ne kawai. Da ƙyar na tsallake wannan.

Ragi na huɗu shi ne mafi girma, kuma shi ne na ƙi yarda da shi. Sun cire gyaran bango da rabin silin gaba ɗaya, bisa hujjar cewa ɓarnar ta samo asali ne daga "yoyo na tsawon lokaci", suka kafa hujja da rahotona na farko ta waya da kuma hoton tsohon tabon nan. Abin mamaki shi ne rahoton mai kimantawa, da na karanta shi, bai faɗi haka ba, ya ambaci tabon ne kawai ya ce a bincika. Wani ne a ofis ya haɗa kalma ɗaya da hoto ɗaya ya yanke hukunci.

Na ɗauki kwana biyu kafin in rubuta amsa, domin wasiƙar da aka rubuta cikin fushi mai karanta ta fushin yake gani ya bar hujjar. Na taƙaita ta a shafi ɗaya. Na kawo sakin layin da ke ɗaukar nauyin ruwan da ya kuɓuce daga bututun gida kalma da kalma, na haɗa da takardar mai gyaran famfo mai layi huɗu, da hoton tsagar bututun daga kusa, da saƙona na washegarin ɓarna inda na rubuta cewa fashewa ce. Hujjar da ta fi ƙarfi kuwa ita ce takardun kuɗin ruwa na wata shida, waɗanda suka nuna mita tana tafiya daidai wa daida har zuwa watan da abin ya faru, sannan ta yi tsalle. Bututun da ya daɗe yana zuba ba ya barin mita ta zauna lafiya. Game da tabon, na auna nisansa daga hanyar da bututun ya bi na aika da hoto da ma'auni a jiki. Na rufe da cewa ina neman a ɗauki wasiƙar a matsayin ƙorafi a hukumance, a kuma saki kason da babu gardama a kansa ba tare da an sa ni yafe sauran ba.

Sashen ƙorafi shi ne mafi inganci a kamfanin, har na riƙa tambayar kaina dalilin da ya sa sai an kai can ake samun irin wannan aiki. Sun tabbatar da karɓar wasiƙar a rubuce, sun ba ni suna ɗaya da lambar waya ɗaya, sun faɗi ranar da za su ba da amsa kuma suka cika. Kason da babu gardama a kansa ya shigo cikin mako, da fom da aka cire wa waccan jimla. Jami'ar da ta riƙe ƙorafin ta saurari muryar kiran farko, ta nemi in kai guntun bututun a duba, sannan ta kira ni ta ce, "Malam, mun duba, fashewa ce, za a mayar da abin da aka cire." Na yi mata godiya, na kuma roƙe ta ta aiko mini da hakan a rubuce, ta yi dariya ta ce ta ga fayil ɗina, ta san zan nema. Da sun ƙi, mataki na gaba shi ne hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin inshora ko ofishin sasanta rikici mai zaman kansa, wanda ƙasashe da yawa suke da shi, kuma galibi sai an gama da matakin cikin gida na kamfani ake zuwa can. A Birtaniya, alal misali, kamfani yana da mako 8 ya ba da amsarsa ta ƙarshe kafin mai ƙorafi ya wuce gaba. Ban kai ga wannan ba.

Bayan an biya, wata wasiƙa ta zo tana tambayar wanda ya sa bututun da shekarar da aka sa shi. Kamfanin da ya biya diyya yana gadon haƙƙin mai gida na bin wanda ya jawo ɓarnar, shi ya sa bai kamata mutum ya yi gaban kansa ya yafe wa ɗan kwangila a rubuce ba tare da sanin kamfaninsa ba. Na ba su abin da na sani, ban sake jin labarin ba.

Idan aka ce in auna su, zan ce layin gaggawa yana da sauri da ladabi amma ba ya shiryar da mai kira, manhaja ado ce kawai, mai kimanta asara ƙwararre ne kuma adali, ofishin da ke yanke hukuncin farko yana da gaggawar ragi da jinkirin bayani, sashen ƙorafi kuwa ya cancanci yabo. Kamfani ne da zai yi wa mai haƙurin karatu da rubutu daidai, amma ina tausaya wa tsoho, ko wanda bai saba da takardu ba, ko wanda buƙata ta matsa masa har ya sa hannu a fom na farko. Irin wannan mutum ya fi dacewa ya sayi inshorarsa ta hannun dillali mai lasisi wanda zai tsaya masa a ranar neman diyya, kuma wannan haka yake ko inshorar da aka saba ce ko takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, domin matakan kai rahoto da kimantawa da biya kusan iri ɗaya ne.

Wasiƙar sabuntawa ta zo bayan wata huɗu, kuɗin shekara ya ƙaru, rangwamen da nake samu na rashin neman diyya kuma ya tafi. Na nemi ƙiyasi daga wasu kamfanoni biyu, dukansu suka tambaya ko na taɓa neman diyya a shekarun baya, na ce e, kuma farashinsu bai fi sauƙi ba. Na sabunta da kamfanina, amma wannan karon na sa aka ɗaga adadin inshorar ginin zuwa abin da magini ya ƙiyasta, na koma tsarin da ke maye tsoho da sabo, na kuma nemi a rubuta mini a fili ko kuɗin fasa bango domin gano inda ruwa ke fita yana cikin kariyar. Amsar wannan tambaya ta ƙarshe ta ɗauki kwana tara da tunatarwa biyu kafin ta iso, kuma na buga ta na haɗa da takardar yarjejeniya a cikin aljihun teburin da guntun bututun yake.